Zango da Gida: Yaushe Matafiyi Yake Zama Mazauni?

Zango shi ne wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana, kafin asuba a ɗaura wa dabbobi a kama hanya. Kalmar tana kuma nufin tazarar da ke tsakanin masauki da masauki, shi ya sa fatake suke auna nisa da ita, su ce gari kaza zango goma ne daga nan. Daga baya ta sami ma'ana ta uku, wato unguwar da Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka kafa a garuruwan da ba nasu ba, irin Zangon Kumasi, da Sabon Zango a Ankara ta ƙasar Gana, da Zangon Kwatano da na Lome. A Duwala, babbar tashar jiragen ruwa ta Kamaru, sunan New Bell aka fi sani, amma unguwar Hausawan da ke cikinta asalinta ɗaya da sauran zangunan. A ƙarƙashin ma'anonin nan uku akwai tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa: yaushe wanda ya sauka a wuri yake daina zama matafiyi, kuma me yake hawa kansa idan ya daina?

Zango a hamada da tsaunuka

Asalin siffar zango a hamada ake ganinta. A arewacin Nijar akwai tsaunukan Azbin, inda tudun Bagzan ya kai wajen mita 2,000 a sama da teku. Rana tana da zafi a can, dare kuma a lokacin hunturu sanyinsa yana ratsa ƙashi. Daga gindin tsaunukan ne ayarin gishiri na Buzaye yake tashi bayan damina, ya keta Tenere zuwa Faci da Bilma, ya komo da kantun gishiri da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa ya musanya su da gero da tufafi. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, irin wannan ayari ya biyo daga Azbin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a Fabrairun 1851.

A Tenere babu itace babu ciyawa, saboda haka raƙuma suna ɗauke da abincinsu, mutane da itacen girkinsu da salkunan ruwa. In an sauka, a gurfanar da raƙuma, a dabaibaye su, a jera kaya ta ɓangaren da iska take busowa don su zama kariya, a hura ƙaramar wuta. Ruwa na sha ne, don haka sau da yawa da taimama ake sallah. Da aka tashi, iska ta share sawu, sai toka da kashin raƙumi suke nuna an kwana a wurin.

Fataken kudu, masu zuwa Gwanja neman goro ko Adamawa neman hauren giwa, nasu tsarin ya fi yawan muƙamai. Madugu ne shugaba. Jagaba yana wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana tattara kuɗin fito ya biya sarakunan hanya. Malamin ayari yana jan sallah, yana riƙe lissafi. Bukkokin ciyawa da ayari ɗaya ya kafa, na bayansa ya gyara ya shiga.

Sunna ta tanadi ladubba ga irin wannan masauki. An umarci mutum uku da suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. An hana matafiya warwatsewa cikin kwaruruka idan sun sauka, an kuma hana su kwana a tsakiyar hanya domin nan dabbobi da miyagun ƙwari suke bi da dare. An yi kashedi mai tsanani game da yin bayan gida a mashaya, ko a kan hanya, ko a inuwar da mutane suke hutawa. An bayyana ruwa da makiyaya da wuta a matsayin abin da jama'a suke tarayya a kansa. Babban darasin waɗannan ladubba shi ne: zango ba mallakar wanda ya kwana a cikinsa ba ne, amana ce da zai miƙa wa wanda zai iso gobe. Mutumin da ya ɓata rijiya a hamada yana iya halaka ayarin da bai taɓa gani ba.

Ma'aunin fiƙihu

Alƙur'ani ya yi wa matafiyi rangwame a wurare da dama. Aya ta 101 a Suratun Nisa'i ita ce tushen sallar ƙasaru, ayoyi na 184 da 185 a Baƙara sun halatta masa ajiye azumi ya rama daga baya, aya ta 60 a Tauba kuma ta sa matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin masu cin zakka, ko da mai hali ne a garinsu. Tunda rangwame yana tattare da tafiya, dole malamai su fayyace inda tafiya take farawa da inda take ƙarewa.

A mazhabar Malikiyya, wadda almajiran ƙasar Hausa da na arewacin Kamaru suke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, nisan da ke halatta ƙasaru mil 48 ne, wajen kilomita 80. Matafiyi yana mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Yana fara ƙasaru idan ya wuce gidajen gari da lambunan da ake zaune a cikinsu. Hukuncin tafiya yana yankewa idan ya ƙulla niyyar zaman kwana huɗu cikakku, waɗanda za a yi salla ashirin a cikinsu. Daga cikin hujjojin wannan adadi akwai izinin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Muhajirai na su zauna kwana uku kawai a Makka bayan kammala aikin hajji. Malamai suka fahimci cewa kwana uku bai fitar da mutum daga tafiya ba, abin da ya haura shi kuwa zama ne.

Shafi'iyya da Hanbaliyya suna kusa da wannan adadi. Hanafiyya sun ce kwana 15. Ibn Taimiyya ya tafi a kan cewa babu adadi yankakke, mutum matafiyi ne muddin bai ɗauki wurin mazauni ba, kuma masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da zaman Annabi na kwana 19 a Makka shekarar da aka buɗe ta, da na kwana 20 a Tabuka, yana ƙasaru. Sauran malamai suna amsawa da cewa a waɗannan wurare ba a ƙulla niyyar zama ba, jiran ƙarewar wani al'amari ake yi. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi wata shida a Azarbaijan yana ƙasaru domin ƙanƙara ta toshe hanya.

Duk da wannan saɓani, abin da ake aunawa guda ne, wato niyya. Mutum biyu suna iya kwana a ɗaki ɗaya na tsawon mako, ɗaya ya cika sallarsa, ɗayan ya yi ƙasaru, kuma kowannensu yana kan daidai, domin na farko ya san zai kwana bakwai, na biyu kuwa kullum yana sa ran tashi gobe. Malikiyya sun ƙara wani sharaɗi da yake hana mutum yaudarar kansa: idan ya sani bisa al'ada cewa buƙatarsa ba ta biya a ƙasa da kwana huɗu, saninsa ya tsaya a matsayin niyya.

Wanda gidansa yake tafiya da shi

Mas'alar ta fi wuya ga mutumin da gidansa ma matafiyi ne. Aya ta 80 a Suratun Nahli ta ambaci gidaje iri biyu cikin ni'imomin Allah: ginannun da ake samun natsuwa a cikinsu, da tantunan fata marasa nauyi da ake ɗauka ranar tashi a kafa ranar sauka. Ke nan gidan da ake naɗewa shi ma gida ne, kuma mai shi bai gaza mai soro daraja ba.

Littattafan Malikiyya sun yi wa masu irin wannan rayuwa dalla-dalla. Mazaunin tanti yana fara ƙasaru idan ya wuce rugar mutanensa, domin ita ce garinsa. Makiyayin da yake bin ciyawa bai san inda zai tsaya ba, ba ya ƙasaru, sai idan ya tabbata zai shafe nisan da aka ƙayyade kafin ya sami abin da yake nema. Matuƙin jirgin ruwa da yake yawo da iyalinsa yana ƙasaru a wurin Malikiyya, domin tafiya tafiya ce ko da matar mutum tana gefensa. Hanbaliyya sun ce ba zai yi ba, tunda jirgin ya zama gidansa kuma bai rabu da kowa ba.

Mai kama da matuƙin nan a yau shi ne direban tirela. Ƙasashen Cadi da Afirka ta Tsakiya ba su da gaɓar teku, kuma mafi yawan kayansu ta Duwala suke shigowa. Daga Duwala zuwa Njamena wajen kilomita 1,800 ne, zuwa Bangi wajen 1,400, kuma Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Shuwa suna da yawa cikin masu jan motocin. A wuraren da suke jiran lodi, direba yana ɗaura tamfol a jikin mota, ya shimfiɗa tabarma a inuwar bodi, yaron mota ya ɗora butar shayi a kurfoti, darduma tana rataye a madubi tana shan iska. Takardun duwan, wato kwastan, suna iya fitowa jibi, suna iya kai mako uku. Direban da ya san daga gogewa cewa lodinsa ba ya kammala a ƙasa da kwana huɗu, mazauni ne tun ranar da ya iso, sai ya cika sallah. Wanda aka ce masa motarsa tana iya fita kowane lokaci, kuma haka yake zato da gaske, yana ƙasaru ko da jiran ya yi tsawo. In ya bi limamin unguwa, ya cika tare da shi.

Tambayar ta isa har ƙasashen da suke nesa da hanyoyin fataken nan. A yammacin Amurka, cikin hamadar tuddai ta Nebada da Yuta da Arizona, akwai masu yawo a motocin da aka gina musu ɗaki da madafa da makewayi, suna sauka a filayen da aka keɓe. A mafi yawan filayen gwamnatin tarayya an iyakance zaman wuri ɗaya ga kwana 14. Hukumar da ta kafa wannan doka tsoronta shi ne mai wucewa ya mayar da filin jama'a gidansa, kuma ita ma da ƙidayar kwanaki ta raba mai wucewa da mazauni.

Yadda zango ya zama gari a New Bell

Hausawa sun shiga ƙasar da ake kira Kamaru a yau ta Adamawa, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19. Suka kafa unguwanni a Garwa da Ngaundare da Banyo da Tibati, suna fataucin hauren giwa da goro da tufafi. Ɗaya daga cikin sanannun madugan wannan hanya shi ne Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya raka Bajamushe Eduard Flegel cikin Adamawa, har ya bi shi Balin a 1884. A zamanin Jamus fatake suka gangara kudu ta Yoko zuwa Yawunde, suka isa bakin kogin Wuri.

New Bell kanta daga ƙwace aka haife ta. Daga 1910 Jamusawa suka shirya tashin mutanen Duwala daga filayensu na bakin kogi, su mayar da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya jagoranci ƙin amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Bayan makonni kaɗan, a ƙarshen Satumba, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin. 'Yan ƙasa ba su rungumi wurin da aka tura su ba, sai ya cika da baƙi: Bamileke, da Basa, da Hausawa, da Yarabawa, da mutanen sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Duwala da Yawunde a 1927, sannan ta kai Ngaundare a 1974, ta ƙara kwararowar mutane da shanu daga arewa. A kudancin Kamaru har yau kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ake ce masa, ko da Bafulatani ne ko Babarbare.

Na farkon zuwa da niyyar komawa suka zo. Falke ya sauka wurin maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya karɓi la'ada. Da yawa sun yi shekaru a gidajen katako da kwano, a kan filin da ba su da takardarsa, a garin da ruwan samansa yake haura milimita 3,500 a shekara. Amma fiƙihu bai jira takardar fili ba kafin ya ɗauke su mazauna, kuma ya yi hakan ta matakai.

Matakin farko shi ne kwana huɗun da aka ambata. Na biyu aure ne: a Malikiyya, shigar mutum garin da matarsa take zaune, wadda ya riga ya tare da ita, yana yanke hukuncin tafiya ko da kwana ɗaya zai yi. Falken da yake da mata a Kano da wata a New Bell yana da wurare biyu da ba ya ƙasaru a cikinsu. Na uku shi ne Juma'a. Malikiyya sun raba mutane kashi uku: matafiyi, wanda Juma'a ba ta wajaba a kansa ba; da mazaunin wucin gadi, wanda ta wajaba a kansa amma ba a ƙidaya shi cikin masu tsayar da ita; da wanda ya ɗauki gari mazaunin dindindin. Daga kashi na ukun ake buƙatar mutum 12 ban da liman, a ginannen masallaci, a garin gine-gine ko na bukkoki, ban da sansanin tantuna. Saboda haka ranar da Musulmin New Bell suka tsayar da Juma'a, sun shaida a gaban Allah cewa a cikinsu akwai waɗanda suka yanke shawarar zama. Makarantar allo da maƙabarta suka tabbatar da wannan shaida. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma jikokin fataken nan, waɗanda suke haɗa Hausa da Faransanci da Fulatanci a zance ɗaya, da yawansu Duwala kaɗai suka sani gida.

Duniya a matsayin zango

Masu wa'azi suna yawan kwatanta duniya da zango, kuma kwatancin yana da tushe. A hadisin da Buhari ya ruwaito, Annabi ya dafa kafaɗar Abdullahi ɗan Umar ya hore shi da ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai wucewa. A wani hadisin na Tirmizi ya kwatanta kansa da mahayin da ya huta a inuwar itace sannan ya tafi ya bar ta. A nan wata matsala take tasowa. Idan kowa matafiyi ne, me zai sa mutum ya dasa itace, ya gina makaranta, ko ya yashe kwata a unguwar da yake ganin ba tasa ba ce? Wannan tunani yana da illa ta musamman a zangunan baƙi, inda mutum yake iya shekara arba'in yana cewa gida zai koma, yana tara abin da zai gina a can, alhali 'ya'yansa suna girma a lungun da ruwa yake shiga ɗakuna duk damina.

Amsar tana cikin ladubban zangon da aka fara da su. Matafiyin da Sunna ta siffanta shi ma an tsananta masa game da mashaya da inuwa da hanya, domin gajartar zamansa ba ta sauke masa haƙƙin wuri ba. Baƙuntar da hadisin Abdullahi ɗan Umar yake koyarwa ta shafi abin da zuciya take rataya a kansa: kada mutum ya tara abin da ba zai iya ɗauka ba, kada ya jinkirta tuba yana dogara da gobe. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin Annabi cewa wanda tashin ƙiyama ya riske shi da dashen dabino a hannu, in zai iya dasawa ya dasa. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta jera maƙwabci na kusa, da maƙwabci na nesa, da abokin zama, da matafiyi, duk a cikin waɗanda aka umarta a kyautata musu. Malamai sun sa wanda ba Musulmi ba cikin masu haƙƙin maƙwabtaka, kuma a New Bell shi ne Bamileken da shagonsa yake jikin na mahaucin Bahaushe, ko matar Basa da suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya da matan gidansa.

Shari'a ta ba kowane matsayi nauyinsa da sauƙinsa. Matafiyi an rage masa sallah, an ɗage masa azumi, an ba shi haƙƙin baƙunta na kwana uku a kan wanda ya sauka wurinsa, an kuma ɗora masa ya bar masauki cikin tsabta. Mazauni an cika masa raka'o'insa, an wajabta masa Juma'a, an ɗora masa maƙwabci da jana'iza da karatun yara, da saukar baƙon da zai zo bayansa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya riƙe uzurin matafiyi alhali yana cin moriyar mazauni. Shi ya sa malamai suka mayar da hukuncin ga niyya, suka kuma ɗaure niyyar da abin da mutum ya sani bisa al'ada. Direban da ke jiran lodi a Duwala da wannan ma'auni yake sanin raka'a nawa zai yi a La'asar, dattijon da aka haifa a New Bell kuma da shi yake sanin cewa gyaran magudanar ruwan unguwarsu da kula da makarantarta suna cikin abin da za a tambaye shi.